Amfani da ƙirƙirarriyar basira a wuraren kasuwanci na arewacin Kaduna

Amfani da ƙirƙirarriyar basira a wuraren kasuwanci na arewacin Kaduna na nufin yadda kamfanoni, ofisoshi da shaguna da ke ɓangaren birnin Kaduna na arewa da kogi suke shigar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, cikin ayyukansu na yau da kullum. Yankin ya ƙunshi ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa da wasu unguwanni irin su Tudun Wada. A nan ne ake samun yawancin rassan bankuna, ofisoshin lauyoyi, kamfanonin jigilar alhazai da wuraren ɗab'i, a kan titunan Ahmadu Bello, Yakubu Gowon da Ali Akilu, tare da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Tsofaffin masaƙu kuwa suna Kakuri ne, a ƙetaren kogi. Saboda haka aikin arewacin birnin galibi na takarda ne, da lissafi, da magana da abokan ciniki, wato irin aikin da waɗannan manhajoji suka fi taɓawa.

Babban abin lura shi ne, a ƙanana da matsakaitan wuraren aiki fasahar ta fi shigowa ta wayar ma'aikaci, ba ta hanyar shawarar shugabanni ba. Yawancin muhawarar da ake yi a kanta daga nan ta samo tushe.

Asali

Bankuna ne suka fara. A watan Janairun 2018 bankin UBA ya ƙaddamar da Leo, manhajar da ke amsa tambayoyin abokan hulɗa ta Facebook Messenger. Irin wannan tsari daga hedikwata yake zuwa, ma'aikacin reshe ba shi da ta cewa a kai. Lamarin ya sauya bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, sannan ya ƙara sauyawa a watan Afrilun 2024, lokacin da kamfanin Meta ya saka Meta AI a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Najeriya. Tun da dama a WhatsApp ake aika farashi, hoton kaya da shaidar biyan kuɗi, sai ga fasahar a hannun mai shago da yaransa ba tare da sauke sabuwar manhaja ko biyan ko kwabo ba.

Gwamnatin jihar ma ta taka rawa. A watan Agustan 2023 ta sanar da haɗin gwiwa da Google da ƙungiyar Data Science Nigeria domin horar da mata 5,000 kan kimiyyar bayanai da ƙirƙirarriyar basira. A shekarar 2024 gwamna Uba Sani ya ƙaddamar da jerin bidiyon koyar da fasahar ga masu farawa cikin harshen Hausa. Horon ya fi mayar da hankali ga ɗaiɗaikun mutane, ba ga yadda wurin aiki zai tsara kansa ba.

Yadda ake amfani da ita

Ayyukan da aka fi miƙa wa manhajojin su ne rubuta wasiƙa da Turanci, tsara takardar neman kwangila, fassara saƙo tsakanin Hausa da Turanci ko Larabci, haɗa hoton talla, da gyara lissafi a Excel. Mai sayar da atamfa ko turare a Instagram yana samun rubutun talla cikin minti guda. Sakatare yana taƙaita bayanin taro kafin a watse.

Sai dai sau da yawa manaja bai san an yi hakan ba. Ma'aikacin da ya gama aikin awa uku cikin rabin awa ba lallai ne ya faɗa ba, don gudun a ƙara masa wani aikin ko a ce ba shi ya yi ba. Ribar lokacin tana tsayawa wurin mutum ɗaya, amma idan kuskure ya fita a kan takarda mai tambarin kamfani, kamfanin ne zai amsa. Wurin da ya shigar da fasahar cikin tsarin aikinsa da gaske shi ne wanda ya fayyace wane aiki aka yarda a ba manhaja, wa zai duba abin da ta fitar, da kuma wa zai sa hannu. Wannan ba ya buƙatar kuɗi sosai, amma yana buƙatar maigida da yaransa su yi maganar a fili.

Akwai kuma matsalar rubutaccen bayani. Manhaja ba za ta yi hasashen kayan da za su ƙare ko ta tuna wa mutum masu bashi ba sai an ba ta lissafi a rubuce. Kasuwancin gargajiya kuwa a kan amana yake tafiya: ciniki da baki, bashi a littafi ko a kan maigida, kaya su tafi Zariya ko Kano bisa kiran waya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da dama zuwa na'urar POS da asusun Moniepoint ko OPay, wanda hakan ya samar da tarihin shiga da fitar kuɗi. Amma wannan tarihin ba ya nuna wane kaya aka sayar, ko wa ya ɗauka bashi.

Harshe

Google Translate ya fara fassara Hausa tun 2013, kuma manyan manhajojin yanzu suna iya amsawa da Hausa, amma ingancin bai kai na Turanci ba saboda ƙarancin rubutun Hausa da aka horar da su da shi. Sukan rikita jinsi, su sa "ya" a wurin "ta". Sukan yar da haruffa masu ƙugiya, ta yadda yadi baƙi zai koma baki. Kalmomin kasuwa ma suna ba su wahala: turmin atamfa ba turmin daka ba ne, kuma tiya da mudu ba su da takamaiman nauyi a kilo. Bugu da ƙari, cinikin Kaduna ya fi tafiya da saƙon murya, inda ake gauraya Hausa, Turanci da Turancin buroka a jimla ɗaya.

Ana ƙoƙarin cike giɓin. Masu bincike na ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane suna tattara bayanan harsunan Afirka, kuma a watan Satumban 2025 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da N-ATLAS, manhajar harshe da aka gina tare da kamfanin Awarri domin Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Najeriya.

Tsada da wutar lantarki

Nau'in ChatGPT Plus yana cin dala 20 a wata ga mutum ɗaya. Bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta kai kusan naira 1,500 a 2024, wato kusan naira 30,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a wannan shekarar naira 70,000 ne. Wannan ya sa ƙananan ofisoshi suke tsayawa ga nau'in kyauta, ko mutane da yawa su yi tarayya a asusu ɗaya. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, a watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ɗaukewar wutar da ta shafi yawancin jihohin Arewa na kwanaki a watan Oktoban 2024 ta nuna haɗarin ɗora dukkan aiki a kan abin da sai da caji da intanet yake motsi.

Alhaki da sirrin abokan ciniki

Manhajojin suna iya ƙirƙiro abin da babu shi su faɗe shi da cikakken tabbaci. A shekarar 2023 wata kotu a New York ta Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in ƙarya da ChatGPT ya ba su. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta yanke cewa kamfanin jirgin Air Canada ne ke da alhakin bayanin kuskure da manhajarsa ta bai wa wani fasinja. Duka biyun sun shafi sana'o'in da suke da yawa a tsakiyar Kaduna, wato aikin lauya da sayar da tikitin jirgi.

Batun sirri ya fi wannan ɓoyuwa. Ma'aikacin kamfanin Umara da ya ɗora hoton fasfo domin manhaja ta ciro suna da lamba, ko akawun asibiti da ya liƙa sakamakon gwajin majiyyaci don a taƙaita, ya fitar da bayanan wani zuwa na'urorin da ke wajen ƙasa. Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhakin kula da irin waɗannan bayanai a kan wanda ya karɓe su, kuma ta bai wa hukumar NDPC ikon cin tara. Idan a wayar ma'aikaci aka yi aikin, to ranar da ya bar kamfanin bayanan sun bi shi.

Ƙananan ma'aikata

Fargabar korar ma'aikata ita aka fi ambata, amma tambayar da ta fi kusa ita ce ta koyon aiki. A kasuwa, yaron shago yana farawa ne da ƙananan ayyuka har ya ƙware ubangidansa ya sallame shi da jari. A ofis ma haka ne: ɗan bautar ƙasa ko sabon akawu yana koyo ne ta hanyar rubuta daftari ana gyara masa. Waɗannan ƙananan ayyukan ne manhaja ta fi iyawa. Shirin Click-On Kaduna, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2018, ya horar da matasa don samun aikin intanet daga ƙasashen waje, kuma irin su shigar da bayanai, kwafar magana da rubutu mai sauƙi suna cikin ayyukan da fasahar take rage wa daraja.

A ɗaya ɓangaren, wanda ya iya sana'arsa amma Turancin ofis yake ba shi wahala, kamar maƙerin Panteka ko mai ɗinki a Kasuwar Barci, yanzu yana iya rubuta takardar farashi ga wata ma'aikata ba tare da ya biya mai buga takardu ba. Abin da ya rage masa shi ne samun wanda zai karanta ta kafin a aika, domin shi kansa ba lallai ne ya gane inda manhajar ta sauya adadi ko ta ƙara alƙawarin da bai yi ba.