A Bar Dare Da Haskensa

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu in za mu ɗauki hoto da dare, filashar kyamara muke fara kunnawa. A ganina kuskure ne. Hasken ƙaramar filasha ba ya wuce mita 3 zuwa 5, sai fuska ta fito tana ƙyalli, bayanta kuwa baƙi ƙirin. Ɗalibin da ya je ɗauko hoton mai tsire ko 'yan tashe domin bincikensa, sai ya dawo da fuskoki zalla, wurin da al'adar ke gudana ya ɓace.

Dabarar ita ce a ba kyamara lokaci. A girke ta kan abin da ba ya motsi, a kashe filasha, a sa ISO a 200, sannan a bar idonta buɗe na daƙiƙa 2 zuwa 10. Nan garwashi zai fito jajir, fitilun motoci su zama dogayen zare.

Wani zai ce ai 'yan tashe ba sa tsayawa. Haka ne. Sai a ɗaga ISO zuwa 1600, a rage lokacin, a jira su iso ƙarƙashin fitila.