Dariya iri biyu ce

A cikin wasannin zane mai motsi da ake nuna wa yara a talabijin akwai wani mai suna Gumball. An fara nuna shi a shekarar 2011, a tashar Cartoon Network. Zuwa 2019 an yi kashi 240, kowane kashi kamar minti 11. Wasan ban dariya ne. An yi shi don yaran da suka fara wayo, kamar ƴan manyan azuzuwa.

Gumball ɗan muzuru ne shuɗi, mai shekara 12. Yana zaune a wani gari na ƙage mai suna Elmore. Uwarsa Nicole kyanwa ce, ita ke aiki tana ciyar da gida. Ubansa Richard zomo ne ƙato, ba shi da aiki sai ci da barci. Ƙanwarsa Anais shekararta 4, amma ta fi kowa hankali a gidan. Sai kuma Darwin. Shi da can kifi ne da ake kiwo cikin kwalba. Da ƙafafu suka fito masa, sai aka mai da shi ɗan gida, yana zuwa makaranta tare da Gumball.

Wasu iyaye ba su son wannan wasa. Suna cewa yana koya wa yara raina manya, tun da an mai da uba wawa, malamar aji kuwa tsohuwar biri ce mai faɗa. Maganarsu tana da gaskiya a ciki. Yadda Gumball ke mayar wa manya da magana, ba haka ɗa na kirki ke yi ba. Wanda ya kwaikwayi wannan ya ɗauki ƙaiƙayi ya bar tsaba. To, amma tsabar tana nan, kuma tana cikin ajin su Gumball.

Ga yadda aka samu wannan aji. Wanda ya ƙago wasan shi ne Ben Bocquelet, haifaffen Faransa. Da farko yana zanen tallace-tallace a London, a ƙasar Ingila. Ya zana halittu da dama waɗanda masu talla suka ƙi karɓa. Bai zubar da su ba. Ya tara su, ya zuba su a makaranta guda. Shi ya sa ƴan ajin ba su kama da juna. Akwai ayaba mai suna Joe. Akwai balan-balan, Alan, da Carmen, tsiro mai ƙaya. Akwai yankin burodi, da dankali, da girgije, da fatalwa, da mutum-mutumin ƙarfe. Har zanensu ma ba iri ɗaya ba ne: wasu a shimfiɗe suke kamar zanen takarda, wasu da kwamfuta aka ƙera su kamar ana iya taɓa su.

Duk da haka malama ɗaya gare su, ƙararrawa ɗaya ke kiransu. Suna faɗa, suna tsokanar juna, amma gobe kowa zai dawo mazauninsa. Ba wanda aka ce ya koma gida don bai yi kama da sauran ba. Darwin ma ba a kiransa agola ko ɗan riƙo. Ɗan'uwan Gumball ne, shi ke nan.

Sau da yawa abin dariyar yana kan Gumball kansa. Ya yi ƙarya don ya tsere wa aiki, ƙaryar ta haifi wata, har gari ya ruɗe. Ya shirya wa wani mugunta, ta koma kansa. Kamar Gizo yake a tatsuniya: wayonsa ne ke kayar da shi. Mai kallo yana dariya don ya gane wannan hali, shi ma ya taɓa yin irinsa.

A nan ne ya kamata ɗan makaranta ya tsaya ya yi tunani, domin dariya iri biyu ce. Akwai dariyar abin da mutum ya aikata. Wannan tana gyara hali, har wanda ake yi wa yana iya shiga a yi da shi. Akwai kuma dariyar yadda aka halicci mutum, ko gidan da ya fito. Wannan ita ce dariyar ƙeta. A azuzuwa da yawa akwai yaro mai in'ina, ko gurgu, ko wanda ya zo daga ƙauye da harshen da sauran ba su ji. In an yi ta yi masa dariya, sai ya daina ɗaga hannu. Daga nan sai fashi, daga fashi sai barin makaranta. Ba jahilci ya kore shi ba, ƴan ajinsu ne.

Saboda haka hana yara kallon Gumball ba shi ne magani ba. Abin da ya fi shi ne babba ya zauna da su wani lokaci, bayan sun gama aikin gida. In kashi ya ƙare ya tambaye su: wa aka yi wa dariya, kuma don me? Yaron da ya iya amsa wannan tambaya a gaban talabijin zai iya amsa ta a filin makaranta, ran da aka kewaye wani ana yi masa ihu.

Halittun da masu talla suka raina su ne suka cika kashi 240, yara na kallonsu a ƙasashe da yawa. Wannan ya isa ishara ga mai raina abokin zamansa a benci.