Ma'aikacin Laburare da Ƙungiyarsa: Ra'ayina

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe, idan aka ambaci ma'aikacin laburare, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mutumin nan da ke zaune bakin ƙofa yana buga hatimi yana cewa a yi shiru. Alhali kuwa aikin sana'a ce mai zaman kanta, kuma wasu daga cikinmu can za su dosa bayan sun kammala digiri. Ga waɗannan nake son in yi magana, kuma ra'ayina shi ne: duk wanda ya shiga wannan aiki bai shiga ƙungiyar masu sana'ar ba, to ya taƙaita wa kansa tafiya tun kafin ya fara ta.

Ƙungiyar da nake nufi ita ce Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, wato NLA, wadda aka kafa a 1962. Tushenta shi ne Ƙungiyar Laburare ta Afirka ta Yamma ta 1954, wadda ta biyo bayan taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Kada a haɗa ta da Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wato LRCN, wadda doka ta 12 ta shekarar 1995 ta samar. Ita hukumar rajista take yi, ta tabbatar wa duniya cewa wane ya cancanci a kira shi ƙwararre. Shiga ƙungiya kuwa ganin dama ne, shi ya sa wasu ke cewa tunda sun yi rajista, me kuma za su je nema?

Abin da za su nema yana da yawa. A jami'o'inmu ana lissafa ƙwararrun ma'aikatan laburare cikin malamai, don haka ƙarin girmansu yana rataye da bincike da wallafa maƙalu, kamar dai malamin da ke koyar da mu nahawu. To a ina sabon ma'aikaci zai fara gabatar da takarda, a yi masa gyara, ya ji inda ya yi rauni? A taron ƙungiya ne, ko na reshen jiha ko na ƙasa da ake yi duk shekara. Ƙungiyar tana da mujallarta, Nigerian Libraries, tana kuma da sassa na masu aiki iri ɗaya, kamar sashen masu tsara katalog da rarraba littattafai. Wanda ya zauna shi kaɗai a ƙaramin laburaren wata kwaleji zai iya shekara goma yana aiki da abin da aka koya masa a aji, ba tare da ya san an canza ƙa'ida ba.

Nan ne ma abin ya fi shafarmu. A tsarin Dewey harshen Hausa yana lamba 493.72, adabinsa kuma 893.72, wato an cusa shi can ƙarƙashin "sauran harsuna". Wannan ba mu za mu gyara shi yau ba. Amma akwai matsalolin da ke gabanmu kullum: yaya za a shigar da sunan littafi mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ cikin kwamfuta ta yadda mai nema zai same shi? A wane suna za a jera marubucin da ya ɗauki sunan garinsu ko unguwarsu? Rubuce-rubucen ajami fa? Ga kuma littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda da yawansu suka fito ba lambar ISBN, ba a kuma kai kwafe ukun da dokar 1970 ta wajabta wa mai wallafa ya kai Laburaren Ƙasa ba. Mutum ɗaya ba zai yanke hukunci kan waɗannan ba, domin in kowane laburare ya bi son ransa, mai bincike ne zai wahala. Sai an zauna an amince da hanya ɗaya, kuma wanda ya karanci Hausa yana da abin faɗa a irin wannan zama fiye da kowa, in har yana cikin ɗakin.

Na san abin da masu ƙin shiga ke cewa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Akwai kuɗin shekara, ga kuɗin rajistar taro da na mota da masauki, ga albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba kowace ma'aikata ke ɗaukar nauyin ƙaramin ma'aikaci ba. Wasu kuma suna ganin ƙungiyoyi irin waɗannan ba su rabuwa da siyasar neman muƙami. Amsata ita ce ba dole sai an fara da taron ƙasa ba. Reshen jiha ya fi kusa, ya fi araha, kuma a nan ne manya ke gane fuskar yaro har su tuna da shi idan gurbin aiki ko na horo ya samu. Wanda kawai ya biya kuɗi ya karɓi rasit ya koma gida, shi kam ya yi asara, wannan na yarda.

Daga nan ƙofa takan buɗe zuwa waje: akwai AfLIA ta nahiyar Afirka da aka kafa a 2013 mai hedikwata a Accra, da kuma IFLA ta duniya da ke birnin Hague, wadda aka kafa a Edinburgh a 1927. Ɗalibin Hausa da ke da wannan buri sai ya fara da neman digiri na gaba a fannin laburare, kamar wanda ake yi a Jami'ar Ibadan ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma tambayi ma'aikatan laburarenmu ranar da reshen jiharsu zai yi zama na gaba.