Cinikin biri a sama: motar lantarki da kwamfutar da ta tsufa

Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, inda wata rigimar ciniki ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin kamfanin Tesla, mai ƙera motoci masu aiki da lantarki, da dubban mutanen da sunka sayi motocinsa. Tushen rigimar wata ƴar kwamfuta ce da ke ɓoye a gaban mota, wajen kujerar fasinja, wadda girmanta bai wuce na babban littafi ba. Masu motocin suna cewa a ciro ta a sa musu sabuwa kyauta, domin kuɗin da sunka biya na alkawari ne, kuma tsohuwar ta gaza cika shi. Duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin mutum a kan hajar da ba ta iso ba, da duk wanda ya taɓa sa hannu ga takardar sayen kaya da sunan gwamnati, zai ga abin lura cikin wanga labari.

Bari mu fara da abin da anka sayar. Tun 2014 Tesla ya fara sa wa motocinsa na'urorin taimakon direba, waɗanda ya raɗa wa suna Autopilot. Kyamarori su ne idanu, kwamfuta ita ce ƙwaƙwalwa: mota na riƙe layinta bisa kwalta, tana barin tazara tsakaninta da ta gaba, tana taka birki in ta hango haɗari. Injiniyoyi sun kasa wanga fanni mataki shida, daga 0 zuwa 5. A mataki na 2 na'ura na riƙe sitiyari da totur, amma alhaki na wuyan direba, tilas idonsa ya zauna bisa hanya. A mataki na 4 da na 5 ne mutum zai iya kishingiɗa a kujerar baya ya yi barcinsa. Tsakanin 2 da 5 akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wagga tazara ne anka ƙulla cinikin da muke magana a kai.

A watan Oktoban 2016 kamfanin ya ba da sanarwa cewa duk motar da za ta fito daga masana'antarsa daga ranar tana ɗauke da dukkan kayan da ake buƙata domin ta tuƙa kanta, abin da ya rage shi ne manhaja, wato umurnin da ake ɗura wa kwamfuta, ita kuwa za ta riƙa isowa ta iska kamar saƙon tarho. Shugaban kamfanin, Elon Musk, ya ƙara da cewa kafin ƙarshen 2017 mota za ta tashi daga Los Anjales ta isa Niyok ba tare da an taɓa sitiyari ba. A kan wagga magana anka buɗe sayar da wani ƙari mai suna FSD, ma'ana cikakken tuƙin kai. Mai saye zai biya yau, a kawo masa aikin gobe. Shekarar 2017 ta zo ta wuce, tafiyar Niyok ba ta yiwu ba.

A 2019 ta tabbata kwamfutar 2016, wadda anka gina a kan kayan kamfanin Nvidia, ba ta da ƙarfin ɗaukar kayan da anka ɗora mata. A watan Afrilun shekarar Tesla ya fito da tasa ta kansa, wadda ake kira HW3, ya ce wannan karon an kai gaci. A wurin taron Musk ya ce a 2020 za a samu motoci miliyan ɗaya masu yin tasi babu direba, kuma cikin watan ya ce motar da ke da wagga kwamfuta daraja take ƙarawa maimakon ta ragu. Ɗan kasuwa ya san nauyin irin wagga magana: an ce masa abin hawansa ya zama jari. Nan dai kamfanin ya yi abin da ya dace. Waɗanda sunka riga sunka biya kuɗin FSD an ciro musu tsohuwar kwamfuta an sa sabuwa kyauta, aikin kuwa bai yi wuya ba, domin an ƙera sabuwar daidai da gurbin tsohuwar. Wanga canji na farko shi ne hujjar da masu motoci sunka riƙe daga baya: an taɓa yi, don me ba za a sake ba?

Farashin alkawarin ya yi ta hawa. Ya kai dala dubu 10 a ƙarshen 2020, dubu 12 a farkon 2022, dubu 15 a watan Satumban 2022. Dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba. A canjin lokacin, dubu 15 ta yi kusan miliyan 10 na sefa, kuɗin da zai saya wa mutum mota sukutum. A 2021 anka ƙara wata ƙofa, ta haya: dala 199 kowane wata. Sai dai wanda ke da tsohuwar kwamfuta anka ce sai ya fara biyan dala 1.500 kuɗin canji, da surutu ya yi yawa anka rage zuwa 1.000. Wani mai mota a jihar Washinton ya kai ƙara ƙaramar kotu a 2022, yana cewa an sayar masa da mota a kan tana da dukkan kayan aiki, don haka babu dalilin sake biya. Alƙali ya ba shi gaskiya. Daga baya farashin ya gangaro: a watan Afrilun 2024 saye ya koma dala dubu 8, haya ta koma 99. Wanda ya biya dubu 15 yana kallo hajarsa ta zube kusan rabi tun bai karɓe ta ba.

A 2023 sabbin motoci sunka fara fitowa da kwamfuta ta huɗu, HW4, kuma daga nan ne lamarin ya cije. Mai karatu zai ce: to, a ciro waccan a sa wannan, kamar yadda makanike ke canza batir. Abin ya fi haka. Kyamarorin HW3 na ɗaukar hoto mai megafiksal 1,2, na HW4 kuwa kusan 5, wato kowane hoto ya ninka wajen sau huɗu, kuma hotunan na kwararowa babu tsayawa daga kowace kusurwa ta mota. Sabuwar kwamfuta ta fi tsohuwa ma'ajiyar aiki da sauri, ta fi ta shan wuta, tana fidda zafin da sai an sanyaya shi. Siffarta dabam, bakin wayoyinta dabam. In za a sa ta yadda take, sai an bi mota ana kwance kyamarori da wayoyin da ke binne cikin ƙofofi da rufi. Tun watan Janairun 2023 Musk ya faɗa wa masu hannun jari cewa irin wanga canji yana da wuya da tsada har ba zai biya ba, amma ya ce HW3 za ta isa.

Manhajar kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Daga 2024 Tesla ya koma ga wata dabara inda kwamfuta ke koyon tuƙi ta hanyar kallon ɗimbin bidiyon direbobi, maimakon injiniya ya rubuta mata doka ɗaya bayan ɗaya. Irin wanga ilmi, gwargwadon girmansa gwargwadon wurin da yake ci. Da zubi na 13 ya fito a ƙarshen 2024, motocin HW4 kaɗai sunka same shi, na HW3 anka bar su a zubi na 12. A shekarar ne kuma anka liƙa wa sunan FSD wata kalma mai nufin «ƙarƙashin kulawar direba». Cikakken tuƙin kai da sai an kula da shi! Bahaushe ya ce ba cinya ba, ƙafar baya: abin dai mataki na 2 ne.

A watan Oktoban 2024 Musk ya amsa cewa mai yiwuwa HW3 ba za ta kai matsayin tuƙi babu mai kula ba, kuma in haka ta tabbata za a canza wa waɗanda sunka sayi FSD kyauta. A ƙarshen Janairun 2025 ya fito fili ya ce canjin ya zama tilas, zai yi wuya kuma zai yi zafi, har ya ce ya ji daɗi da ba mutane da yawa ne sunka sayi FSD ba. Wagga magana ta ƙarshe ta fi kowace tona zuciyar ciniki: mai haja yana murna da ƙarancin masu saye, domin kowane mai saye bashi ne a wuyansa. Shekarar 2025 ta ƙare ba a fara canjin ba. Abin da anka yi wa masu HW3 albishir da shi a watan Oktoban shekarar shi ne wani ragaggen zubi na 14 a cikin 2026. Wata ƙofar da kamfanin ya riƙa buɗewa lokaci-lokaci tun 2023 ita ce mutum ya ɗauke FSD ɗinsa daga tsohuwar mota ya mai da shi kan sabuwa, da sharaɗin ya sayi sabuwar daga Tesla. Wato maganin bashi ya zama sabon ciniki. A Janairun 2026 kuma Musk ya sanar cewa za a daina sayar da FSD gaba ɗaya, sai haya wata-wata. Wanda ke haya ba ya bin kowa bashin gobe.

Masu motocin ba su yarda da zaman jiran gawon shanu ba. A Ingila wani ya shigar da ƙara a 2023, kamfanin ya mai da masa kuɗinsa da riba kafin a zauna shari'a. A Ostireliya an shigar da ƙarar taron dangi a 2025. A watan Agustan shekarar wata alƙaliya ta kotun tarayya a Kalifoniya ta yarda masu motoci su haɗu su yi ƙara ɗaya a kan alkawuran tuƙin kai. Hukumar kula da motoci ta jihar Kalifoniya ma tun 2022 ta tuhumi kamfanin da tallar da ke ruɗin jama'a.

Adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare Tesla suna cewa babu na'urar da ba ta tsufa, wanda ya sayi tarho a 2019 ba ya zuwa neman na 2023 kyauta, kuma motocin HW3 sun samu gyare-gyare masu yawa ta iska ba tare da an biya ko tamma ba. Suna cewa takardar ciniki ta ambata cewa aikin ya dogara ga nasarar gwaji da yardar hukuma. Akwai gaskiya a nan, kuma babu mai musun cewa wanga aiki na daga cikin mafi wuya da injiniyoyi sunka taɓa tunkara. Sai dai a ganina misalin tarho bai hau ba. Mai tarho ya biya abin da ya gani a hannunsa. Mai FSD ya biya abin da bai gani ba, a kan shaidar mai haja cewa kayan aikin sun cika. In kayan aikin ba su cika ba, ciko na wuyan wanda ya ba da shaidar, ko dai ya canza kwamfuta ko ya mai da kuɗi. Akwai ma tambayar da ta fi wannan girma: sanarwar 2016 da ta 2019 sun shafi duk motocin da anka ƙera, miliyoyinsu, har da na waɗanda ba su sayi FSD ba amma sunka sayi motar da tunanin wata rana za su saya. Alkawarin canji kyauta bai ambace su ba, bai kuma ambaci masu haya ba.

Ina ruwanmu da wanga batu? Motar da ta tsufa a Turai da Amurka, ƙarshenta jirgin ruwa zuwa tashoshi irin su Lome da Kwatano, kuma dillalanmu sun san hanyar sarai. Da can gwanin mota na buɗe gaba ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya leƙa ƙarƙashi, ya yanke farashi. Motar zamani na iya zama lafiya lau a ido, fenti na ƙyalli, alhali rabin darajarta na cikin wata manhaja da makullinta ke hannun kamfani a wata nahiya. Motoci biyu iri ɗaya, launi ɗaya, shekara ɗaya, na iya bambanta da zubin kwamfutar da ke ciki, kamar yadda ta faru ga motocin Tesla na 2023. Wanda zai sa kuɗinsa sai ya tambaya: wane zubi ne a ciki, wane aiki yake yi yau a ƙasar da za a tuƙa shi, wa zai gyara in ya tsaya? Ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen kaya na ofis, motoci ne ko na'urorin asibiti, shi ma ya rubuta baƙi bisa fari shekara nawa mai haja zai ci gaba da sabunta manhaja, kuma wa zai biya in kwamfuta ta gaza. Abin da mai talla ya faɗa a bakin taro iska ke tafiya da shi, wanda anka rubuta shi alƙali ke karantawa.

Mutanen Amurka da ke wagga shari'a ba jahilai ba ne. Akwai injiniyoyi da lauyoyi cikinsu, kuma da yawa har gobe suna son motocinsu. Sun dai biya kuɗin biri yana kan itace, mai biri ya ce musu igiyar na hannunsa. Sau biyu igiyar tana gazawa, ta 2016 da ta 2019. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka shi ya kamata ya kai shi masauki. Mu kuwa, in hajar ta iso kasuwarmu, mu taya abin da mota ke yi yau, na gobe mu bar wa mai shi har sai ya sauko ƙasa.