Iƙama da Asusun Banki: Abin da Alshajara Ta Nuna

Alshajara unguwa ce a kudancin Hartum, a gaɓar Farin Nilu, Umdurman kuma tana ƙetaren ruwa. A nan hedikwatar rundunar tankokin yaƙi ta sojin Sudan take, shi ya sa bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin soji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ta zama cikin wuraren da aka fi gwabza faɗa. Mazaunanta suka watse, rassan bankunan birnin suka rufe, aka wawashe da yawa daga cikinsu. Abin da ya rage wa jama'a shi ne manhajar Bankak ta Bankin Hartum, wadda ake tura kuɗi da ita ta waya. Mai asusu yakan karɓi taimakon dangi ya sayi abinci, marar asusu kuwa sai ya raɓu da wani.

Baƙi na cikin waɗanda suka fi shan wannan wahala. A ƙa'idar Sudan, baƙo zai yi rajista cikin kwana uku da shigowarsa. In zai daɗe, sai ya nemi iƙama, wato takardar izinin zama, ta hannun makarantarsa ko wanda ya ɗauke shi aiki. Banki kuma yakan nemi iƙamar da ba ta ƙare ba kafin ya buɗe masa asusu. Da ofisoshin Hartum suka daina aiki, iƙamar da ta ƙare ta rasa inda za a sabunta ta, ƙofar banki ita ma ta rufe. Ɗalibi daga Kano ko ɗan kasuwa daga Maraɗi sai ya roƙi maƙwabci a turo masa kuɗi ta asusunsa, sau da yawa kuma a zaftare masa wani kaso kafin ya riƙe tsaba a hannu.

Lamarin ya ƙara tsanani a Disamba 2024, lokacin da Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soji. Sharaɗin canjin shi ne a zuba tsofaffin kuɗin cikin asusu. Baƙon da ya tsere daga Alshajara zuwa Kassala ko Gadarif da ɗan abin da ya tara sai ya samu kansa gaba kura baya sayaki: ko ya damƙa dukiyarsa ga mai asusu bisa amana, ko ya zuba ido ta tashi daga aiki.

Masu kare wannan tsari suna da hujja. Sudan ta zauna ƙarƙashin takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017, bankunanta kuma suna tsoron zargin halasta kuɗin haram. Ƙasar da ke cikin yaƙi tana da haƙƙin sanin wanda ke zaune a cikinta. Sai dai hana baƙo asusu yana kawo akasin abin da ake nema, domin kuɗinsa ba ya daina yawo, yana dai yawo ne da sunan wani, inda hukuma ba za ta gane mai shi ba.

Wasu ƙasashe ma suna ɗaure izinin zama da banki. Jamus tana buƙatar ɗalibi ya nuna Yuro 11,904 na shekara guda, galibi a wani asusu da ba a cirar kuɗinsa sai wata-wata, amma ana iya buɗe shi tun daga gida da fasfo. Birtaniya kuwa tana son kuɗin su kwana 28 a jere a asusu kafin a nemi biza. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2014 wadda ta ba duk mai zama bisa ƙa'ida, har da mai neman mafaka, damar buɗe ƙaramin asusu. A duk waɗannan, an bar wa baƙo hanyar shiga banki.

Sudan ta fi kowa sanin cewa baƙo yakan zama ɗan gari. Hausawa da Fulanin da suka bi hanyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903 su ne suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, jikokinsu kuma 'yan ƙasa ne a yau.

Tun da soji suka ƙwato Hartum a Maris 2025 mutane suka fara komawa unguwanninsu, ofisoshi da bankuna na sake buɗewa. Ya kamata Babban Bankin Sudan ya yarda a buɗe wa baƙo ƙaramin asusu da fasfo kaɗai, a ƙayyade yawan kuɗin da zai iya shiga da fita. Hukumar shige da fice ta yafe tarar iƙamar da ta ƙare a watannin da ofisoshinta suke rufe. Ofisoshin jakadancin Nijeriya da Nijar kuma su gaggauta sabunta fasfon 'yan ƙasarsu, tun da shi ne takardar farko da banki da hukuma za su nema.