Adireshin intanet: wa ke riƙe da hanyar da ke kai ka shafi?

A watan Janairun 2021 masu karanta jaridar Peoples Gazette suka wayi gari shafinta ba ya buɗuwa a manyan layukan waya na Najeriya, alhali yana buɗuwa a ƙasashen waje. Labaran suna nan, ba a goge ko ɗaya ba. Hanyar kaiwa gare su aka toshe. Jaridar ta koma sabon adireshi, gazettengr.com, ta ci gaba da aiki.

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowane shafi yana da lambar da ake kira IP. Idan matashi a Baure ya rubuta sunan shafi a wayarsa, wayar takan tambayi wani kundi mai suna DNS, wanda galibi na kamfanin layinsa ne, ya ba ta lambar. Idan kamfanin ya ƙi amsawa, ko ya tare lambar, shafin ya ɓace wa mai wannan layi. Ta hannun kamfanonin layi aka rufe Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, bayan ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, kuma waɗanda suka ci gaba da shiga sun bi ta VPN ne, wato sun zagaye shingen ta wata ƙasa.

Sai batun miƙawa. Mai shafi zai iya umartar tsohon adireshinsa ya tura duk wanda ya zo zuwa sabo, cikin ƙiftawar ido. Wannan ne ke ba jarida damar sauya suna ba tare da ta rasa masu karatu ba. Amma miƙawar tana da iyaka: idan tsohon adireshin ne aka toshe, babu mai isa gare shi balle a tura shi gaba, sai dai a yaɗa sabon ta Facebook da WhatsApp.

Ita wannan dabarar ce kuma 'yan damfara suka fi so. Saƙon "tallafin gwamnati" ko "ɗaukar ma'aikata" yakan zo da gajeren adireshi, ka latsa, ya miƙa ka wani shafi mai tambarin gwamnati da ke neman BVN ɗinka. A yankin da matasa ke ɗokin aiki irin ƙasar Daura, tarkon ba ya rasa kamu. Abin dubawa shi ne adireshin da ka sauka a kai, kuma daga ƙarshen sunan ake karanta shi. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, hukumar NITDA kuma ke tantance masu neman .gov.ng, don haka ɗan damfara ba ya samunsa da sauƙi. Abin da yake yi shi ne ya cusa "gov" a tsakiyar suna mai ƙarewa da .com.

Sai dai hukumomi ma da nasu laifin. Duk ofishin da ya raba fom ta adireshin kasuwa ko ta gajeren mahaɗi, shi da kansa yake koya wa jama'a amincewa da abin da ya kamata su guda.