Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Bar Mana Hanyar Komawa Tsohon Zubin Manhaja

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san cewa da zarar an gama aikin damina, samarin Sabon Gida da Madawa da Buza da Keita sai su kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu kuma Libiya, yayin da sauran ke tsayawa gida su duƙufa ga noman albasa. A da, tafiyar nan ita ce ke watsa fada, wato majalisar shayi inda abokai ke zama da dare ana hira ana buga dara ko karta ko lido. Yau kuwa wayar salula ta ɗinke wannan ɓarakar, domin mutum yana Abijan abokinsa yana Sabon Gida, amma su zauna a kan faifan lido guda ta intanet, suna wasa suna tambayar lafiyar gida.

To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne wata matsala da muke gani tana neman sake raba wannan zama. Za ka wayi gari ka buɗe manhajar wasan da ka saba da ita, sai ta ce maka ba za ka shiga ba sai ka sabunta. Ka sayi data da kuɗin da ka tara da ƙyar ka sauko da sabon zubi, sai ka tarar ya fi ƙarfin wayarka: ya cika ta, yana shan caji kamar rijiya, tallace-tallace sun yi yawa, wasa na tsayawa a tsakiya. Ka ce bari in koma wa tsohon da ke yi mini aiki lafiya lau, sai ka ga an rufe ƙofa. Kasuwar manhajoji ta Play Store sabon zubi kawai take bayarwa, kuma ita wayar Android ba ta yarda a ɗora tsoho a kan sabo sai an goge sabon gaba ɗaya, wanda hakan kan tafi da duk abin da mutum bai ajiye a wani wuri ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen wasa ne kawai. A ranar 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0. A Turai da Amurka wannan ba wani labari ba ne, don masu irin waɗannan wayoyi ba su da yawa. Amma a ƙauyukanmu, inda waya ke tashi daga hannun wa zuwa ƙane, daga ƙane zuwa uwa, har sai ta mutu murus, irin wannan shawara da aka yanke a wata uwa duniya tana iya yanke zumunci tsakanin ɗan ci-rani da iyalinsa.

Akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya yin abin ta wata hanya. A ƙasashen waje akwai manhajojin da aka ƙera musamman don abokai su taru a kan teburin wasa guda ta kwamfuta, irin su Roll20 da ta fito a 2012 da Foundry VTT da ta fito a 2020. Ita Foundry sau ɗaya ake sayenta, mutum ya girka ta a kan na'urarsa, kuma kamfanin yana barin wanda ya saya ya sauko da tsofaffin zubi daga shafinsa. Masu amfani da ita sukan ƙi matsawa gaba, ko su koma baya, saboda ƙananan kayan ƙari da suka dogara da su ba su riga sun dace da sabon zubi ba. Sai dai kamfanin ya yi gargaɗi ƙarara: idan ka buɗe wasanka da sabon zubi, ba za ka iya mayar da shi tsoho ba, sai fa idan ka adana kwafinsa tun kafin ka sabunta. Wannan shi ne mutunta mai saye: a faɗa masa gaskiya, a bar masa zaɓi.

Su ma Turawan abin ya fara isarsu. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya rufe na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren motoci mai suna The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba su da komai a hannu. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta samu sa hannun mutane fiye da miliyan 1 a 2025. Idan masu hali sun yi kuka, ina ga talakan Adar?

Amma fa gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa wa kanmu ita ma. Ba duk sabuntawa ce mugunta ba. Sau da yawa ana yin ta ne don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Al'adar da ta zama ruwan dare a wurinmu, ta karɓar tsohuwar manhaja ta Xender daga wayar aboki ko daga shagon masu caji da tura fina-finai, tana da haɗari, domin ba ka san hannun da ya taɓa ta ba kafin ta iso gare ka. Kuma wayar da ake buga lido a kanta, ita ce dai ake karɓar kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko da ita. Saboda haka muna jan kunnen matasanmu: manhajar kuɗi da ta aika saƙo, kada a yi wasa da sabunta su. Ta wasa kuwa, a kashe sabuntawa ta kai-tsaye a cikin Play Store, a jira a ji daga wanda ya gwada, sannan a adana abin da ake da shi kafin a taɓa komai. Rigakafi ya fi magani.

Kiranmu ga kamfanoni shi ne su bar tsohon zubi ko wani marar nauyi a inda mutum zai same shi cikin aminci, kamar yadda Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi da raunin sabis. Ga matasanmu masu karatun kwamfuta a Tawa da Maraɗi da Yamai da Sakkwato kuwa, ga fili ga mai doki: ku ƙera mana dara da za ta yi aiki a kan tsohuwar waya, ba tare da cin data mai yawa ba.

Kakanninmu sun bar mana dara mai gurbi 30 a kan rairayi, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, kuma babu wanda ya taɓa tashi da safe aka ce masa an daina karɓar tsakuwarsa. Abin da muke nema ke nan daga masu fasahar zamani. Allah Ya sa su ji, mu kuma Ya ba mu ikon kiyayewa.